Rasuwar Shuɗiya, Tukunyar Iskar Taslim

Da zuciya mai nauyi da ido jajur, Taslim Marikkar, mai nutso a garin Kalpitiya na bakin teku, yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar abar ƙaunarsa Shuɗiya, tukunyar iskar da yake goyawa ya shiga ƙasan teku tsintar kokwambar ruwa, wata halittar teku da ake sayarwa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi a rumfar Sebamalai mai ɗura iska, kuma duk mai kunne a garin ya ji tafiyarta.

Ba wanda ya san shekarunta. A kwantena ta zo daga ƙetare tare da tarin irinta da masu su suka gaji da su, dillali ya lafta mata sabon fenti har lambar gwajin da ke wuyanta ta ɓace. Taslim ya ga fenti, ya ji farashi, bai tsaya tambayar asali ba. Tukwane masu takardar gwaji suna can birnin Colombo a bayan gilashi, inda irinsa sai dai kallo.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha jifa a kwalekwale, ta sha rana, ba ta taɓa ƙorafi ba. In an ƙwanƙwasa ta da sifana sai ta amsa "tan" kamar ƙararrawa, a ƙasan ruwa kuma ba abin da take cewa sai "shuu, shuu" a bayan kunnen mai ita. Ita ta rufa wa gidan kwano, ita ke sa shinkafa da kifi a tukunyar Rinosa, matarsa.

Abin takaici, ciwon ajalin daga hannun masoyi ya fito. Taslim, kamar kowane mai nutso a nan, ba ya tasowa sai ya zuƙe iskar tas, don numfashin ƙarshe ma kokwamba guda ce. Tukunyar da ba iska a cikinta kuwa ruwan gishiri take sha ta baki. Tsatsa ta yi ta cin ta daga ciki, fenti na ta ƙyalli a waje. Kwanan baya "tan" ɗin ya koma "tuf".

Sebamalai ya ji, ya ce, "Ƙanena, tsohuwar nan taka ta gaji. Ka sallame ta kafin ta sallame mu."

Taslim ya ce, "In na ajiye ta, kai za ka ciyar da mu? Ɗura mata kaɗan, Yaya, ba sai ta ƙoshi ba."

Ya ɗura, ta fashe. Allah ya taimaka tana cikin durom ɗin ruwa, kamar yadda aka saba. Durom ya tsage, kwanon rumfa ya tashi, kunnen Sebamalai na dama bai ƙara jin komai ba.

Ta rasu ta bar Taslim, wanda bai iya wata sana'a ba, da Rinosa da 'ya'yansu mata biyu. Ta bar mai kwalekwale, wanda ya aiko cewa teku ta kwanta, kuma akwai masu jiran gurbin duk wanda ya tsaya makoki.

Don haka jiya Taslim ya koma wajen dillalin, ya dawo da wata koriya, fentinta ko bushewa bai gama ba, wuyanta sumul. Ya kai ta bayan gida ya ƙwanƙwasa a hankali.

Rinosa ta ce, "Baban Nusra, me ta ce?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Ai ni kunnuwana biyu suna nan," in ji ta.

Gobe za a kai abin da aka tsinto na marigayiya wajen mai sayen ƙarafa. Sebamalai ya rantse ba zai taɓa koriyar ba, sai a hayi aka samu wani mai ɗurawa wanda ba ya ƙwanƙwasa tukunya. Ba za a yi zaman makoki ba, kwalekwale zai tashi ranar Alhamis da safe. Masu son yin ta'aziyya su zo bakin ruwa da la'asar, su tsaya kusa da Rinosa, su taya ta duba masu saukowa daga kwalekwalen.