Ranar da Laftof ta Cire Min Hula

Ba zan taɓa mantawa da taron zumuncin gidanmu na bara ba, kuma ko da na so in manta, dangina ba su da niyyar taya ni.

Abin ya samo asali ne daga wata laftof da ƙanena Sadiku, wanda ke karatu a waje, ya aiko min ta hannun abokinsa. Sabuwa ce fil, siririya, ba nauyi. Da na kunna ta sai da na gyara zama, don ban taɓa ganin fuskar kwamfuta mai kyau haka ba. Ja ya fito ja, kore ya fito kore, baƙi kuwa kamar ka shafa ka ga gawayi a hannunka. Da na kira Sadiku in yi godiya sai ya ce, "Yaya, fuskarta irin wadda ake kira OLED ce. Ka dai riƙa kula, kada ka bar hoto ɗaya ya daɗe a kai da haske sosai." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mutum mai cikakken hankali zai ce to, ya ci gaba da harkokinsa. Ni kuwa sai na shiga intanet.

A can na karanta cewa idan hoto ɗaya ya daɗe a irin wannan fuska bai motsa ba, inuwarsa na iya zama daram, ta ƙi gogewa har abada. Na ga hotunan kwamfutocin da abin ya sama, na riƙa kallonsu kamar mai duba marasa lafiya a asibiti. Gaskiya akwai waɗanda suka rubuta cewa na zamani suna da dabarar kare kansu, kuma mai amfani da ita yadda kowa ke yi zai daɗe bai ga komai ba. Irin waɗannan na riƙa tsallakewa. (Ni irin mutumin nan ne da idan likita ya ce lafiyata ƙalau sai in fara zargin bai iya aiki ba.)

Daga ranar na zama mai jinya. Na rage haskenta har sai na rufe taga da rana tsaka kafin in ga abin da nake rubutawa. Na mai da komai baƙi. Na ɓoye layin nan na ƙasa mai ɗauke da agogo, don na ji shi ne ya fi saurin barin tabo, sai ya zama ina da kwamfuta a gabana amma sai na tambayi na kusa da ni ƙarfe nawa. Na saita ta yadda da na ɗauke hannu kaɗan za ta yi duhu. Har unguwar Kongo na je wurin masu gilashin ido neman ƙyalle mai laushi na goge ta. A ofis wani abokin aiki ya miƙo yatsa zai nuna min kuskure a rubutu, ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa ba. Babba ne gare ni a shekaru da muƙami. Ya dube ni, na dube shi, na sake shi a hankali na ce ƙuda na gani.

A gida 'yata Ummi ta roƙi a sa mata zanen yara mai motsi, na ce a'a, saboda tambarin tashar na zaune a kusurwa ɗaya ba ya gusawa. Mahaifiyarta ta tsaya tana kallona ina naɗe laftof a cikin tawul, can ta tambaye ni ko za a fara dafa mata ruwan wanka ne safe da yamma kamar mai jego. Na yi mata bayani mai tsawo a kan ƙwayoyin haske da yadda suke gajiya. Kafin in gama ta shiga kicin.

Cikin dabarun da na koyo har da wata: a saita kwamfuta yadda idan an bar ta ba a taɓa ba, za ta riƙa jero hotunan da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya, don kada fuskar ta tsaya a kan abu guda. Na saita, na ji daɗi, na manta. Ban taɓa ganin abin ya yi aiki ba, tunda fuskar kan riga ta yi duhu kafin lokacinsa ya zo.

To a nan dole in faɗi abin da na daɗe ina rufewa. Ina da sanƙo. Ba irin na gaban goshi mai ƙara wa mutum kwarjini ba, a'a, na tsakiyar kai, wanda ke farawa kamar kwabo yana faɗi a ɓoye. Gefe da ƙeya gashi na nan baƙi wuluk, saboda haka muddin hula na kaina ba mai sanin komai. Mu kuwa a unguwarmu ta Kwarbai namiji ba ya rabuwa da hula, sai abin ya zo min daidai. Ko wanzami na canza, na koma wani can wajen ganuwa inda ba a san gidanmu ba. A ɓoye nake fama: ruwan albasa, tafarnuwa, man habbatussauda, ƙwai da zuma, da wani koren haɗi mai warin da ya sa Ummi ta taɓa tambaya ko akuya ta shigo ɗaki. Don in san ko magani na ci, nakan ɗaga waya sama da kaina in ɗauki hoto. Da na ga yara na yawan ɗaukar wayar, sai na kwashe hotunan na zuba a wuri mafi tsaro a duk gidan, wato laftof ɗin da ba mai ikon taɓawa.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne Bashir, ɗan Gwaggona, taubashina. Shi nasa sanƙon a fili yake tun yana saurayi, bai kuma damu ba. Ni kuwa na yi shekara da shekaru ina cin sa da shi. A biki, a suna, a ƙofar masallaci, sai na tambaye shi ko jirgi ya sauka lafiya a kansa, ko in roƙe shi ya sunkuyo in gyara hulata a madubi. Yakan yi dariya kawai ya ce Allah ya bar min nawa.

Kwana kaɗan bayan babbar Sallah ake taron zumuncinmu a tsakar babban gida. Ni na miƙa kaina, ba wanda ya roƙe ni, na ce bana zan tsara salsalar zuriya tun daga kakan kakanmu, a nuna a talabijin kowa ya gani. Aka kafa rumfa, aka shimfiɗa tabarmi, maza a gefe, mata a gefe, aka ɗauko babban talabijin aka ɗora a kan tebur, janareto na ta ruri a bayan zaure. Na haɗa laftof da talabijin. Don kada fuskar ta riƙa mutuwa a gaban jama'a, na cire saitin duhun nan. (Daga baya na ji ashe ana iya kashe fuskar laftof gaba ɗaya a bar talabijin kaɗai. Duk karatuna ban kai wannan babin ba.)

Da farko komai ya tafi daidai. Sunaye suka fito reshe-reshe, farare a kan baƙi, ana ta sa min albarka. Sai Baba Malam, yayan mahaifina kuma babban gidan, ya sa a matso masa da kujera saboda idonsa ya yi rauni. Ya duba ya ce na yi kuskure, Malam Idi wa ne ga kakanmu, ba ƙane ba. Wani tsoho daga reshen Malam Idin ya ce a'a, yadda yaro ya rubuta haka yake. Musu ya kaure. Aka shiga kawo shekarar fari da shekarar da aka sake ginin soro, da wanda ya riga wani sauke Alƙur'ani.

Su suna musu, ni ina kallon fararen sunaye sun tsaya cak a kan fuskar laftof ɗina. Na fara hango sunan Malam Idi ya zauna a kai har ƙarshen rayuwata, duk takardar da zan rubuta ga shi nan yana leƙowa. Sai na sa yatsa na ɗan tura hoton sama. Jim kaɗan na dawo da shi ƙasa. Na ɗan ƙara masa girma, na rage. Baba Malam ya kai sandarsa zai nuna suna, sunan ya gudu. Ya sake kaiwa, ya sake gudu.

"Kai, wai kakannin namu rawa suke yi ne?" in ji shi.

Na durƙusa na fara bayanin cewa, Allah ya gafarta Malam, irin wannan fuskar ba ta son abu ya tsaya wuri ɗaya. Ya ce shi kuma idonsa ba ya son abu ya motsa, in tashi daga nan in koma can kusa da Bashir har manya su gama magana. Ba a yi wa Baba Malam musu. Na tsallake ƙafafun mutane na je can ƙarshen tabarma na zauna, ina jin kamar na bar jariri a rana.

Ina cikin lissafin irin ɓarnar da ke faruwa sai salsala ta ɓace. Wani abu mai faɗi, launin ƙasa, mai sheƙi, ya cika talabijin, da ɗan duhu-duhu kewaye da shi. Kowa ya zuba ido. Ni kaina sai da na ɗan ɗauki lokaci ban gane ba, don ban taɓa ganinsa da girma haka ba.

Baba Malam ya matso da fuska ya ƙura ido. Ya tambaya ko wannan gonar gado ce ta bayan gari aka ɗauko daga sama. Tsohon da suke musu ya ce in ita ce to bana ba ta yi tsiro ba, sai ɗan ciyayi a bakin iyaka. Hoton ya sauya, ga wurin an shafe shi da kore. Wani ya ce to ga shi bayan an yi ruwa. Ya sake sauyawa, ga yankakkiyar albasa an jera a kai. Nan aka fara gunaguni. Na yunƙura zan tashi, sai na ji hannun Bashir a kan gwiwata, ya danne ni da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Kafaɗunsa kawai ke rawa.

Hoto na gaba ya ɗan karkace, kunne ya fito. Daga ɓangaren mata na ji muryar Gwaggo, wadda ta yi min wanka ina jinjiri, tana cewa ita fa ta san wannan kunnen. Ba ta rufe baki ba na ƙarshe ya bayyana: ranar da hannuna ya goce, ga ni nan da singileti, na ɗaga ido sama baki buɗe, ƙwai na gangarowa ta gefen goshi. A laftof ɗin da ke kan tebur ma haka, kuma wallahi launin ya fito da kyau.

Ban san yadda zan kwatanta dariyar ba. Mata suka riƙa faɗawa jikin juna, yara na tsalle, tsofaffi na share hawaye da bakin rawani. Matata ta ja mayafi ta rufe fuska, har yau tana cewa kunya ce, amma na ga yadda mayafin ke girgiza. Na fizge na nufi tebur, na taka kwanon wani, na rufe laftof da ƙarfin da ban taɓa yarda ko iska ta yi mata ba.

Bashir ya miƙe tsaye a natse, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce shi ba shi da abin cewa, yana dai yi wa sabon maƙwabci maraba, kuma in filin nasa ya cika jirage za su iya sauka a nawa. Baba Malam da ya samu numfashi ya kira ni gabansa ya ce in cire hular. Na cire. Ya shafa wurin da tafin hannu kamar mai duba kankana, ya ce wannan ai na gida ne, haka na mahaifinsa yake, in daina ɓarnar albasa. Daga nan aka yi addu'a aka kawo abinci. Maganar Malam Idi ba wanda ya sake tayar da ita.

Na yi kwanaki ina bin lunguna don kada in haɗu da dangi, amma lungunan birni ba su da faɗin da mutum zai kauce wa kowa. Duk wanda na ci karo da shi sai ya gaishe ni da ladabi sannan ya tambaya ya gona. Wata 'yar'uwa da ke aure a Kaduna, wadda ba ta ma zo taron ba, ta kira ta yi min jaje. Gwaggo kuwa ta aiko da wani haɗi a kwalba, da saƙon cewa in riƙa shafawa bayan sallar asuba.

Laftof tana nan lafiya, ba tabo ko ɗaya. Na ƙara mata haske, agogo ya dawo wurinsa, Ummi na kallon zanenta a kai har da dangwala yatsa mai maiƙo, in sa ƙyalle in goge ba tare da na yi wa kowa huɗuba ba. Abin da na koya bai da yawa: kafin ka haɗa kwamfutarka da talabijin a gaban dangi, ka zauna ka tuna duk abin da ka taɓa ba ta ajiya, kuma in kana da taubashi mai haƙuri, ka ji tsoronsa.

Haɗin Gwaggo ina shafawa kullum. Ko yana aiki ban sani ba, don na daina ɗaukar hoto.