Tsalle a Gaban Suruki

"Lahiya lau, Kaka, in dai rashin barci lahiya na."

Haka Hamdiya ta amsa wa kakanta Na'Allah, tana durƙushe a zaurensa na Sanyinna, littafin shirin darasi ya jiƙe da gumi a hannunta. Yau ce ranar ƙarshe ta gwajin koyarwarta a firamare, kuma wanda kwaleji ta turo ya ba ta maki ba kowa ba ne sai Malam Sirajo, wan mahaifin mijinta, mutumin da ko sunansa ba ta iya kamawa. In ta faɗi, shekara guda ta tafi a banza. Tsoho kuwa ko a jikinsa.

"Mi za ki koya ma ɗiyan mutane," in ji shi, "ke da kinka shekara ukku kina rarrafe?"

"Kalma guda ta Turanci, jump. Tsalle ke nan. In yaro ya daka tsalle shi ce I jump. In ya ƙetare kwata shi ce I jump over."

"To mi ab abin kuka?"

"Ƙa'ida ita ce malama ta fara yi, yara su kwaikwaya. Ni, Kaka! In tashi sama gaban Baffa, hijabi na tashi?"

Na'Allah ya yi dariya har da tari.

"Alhakina na. Da ni kinka aura, ba ki da suruki ko guda, duk na binne su."

"Wa za ta auri mai haƙori biyu, guda Tambuwal guda Kebbe?"

"Ni da nit tsallake gulbi da buhun gero bisa kai?"

"Jiya ko dokin ƙofa sai da anka riƙa ka."

"Tahi da ni ajin in yi miki jamp ɗin."

"In ka sauko wa za ya tattara ka?" Sai ta bar wasa. "Wallahi da gaske nika. In na yi, kunya ta kashe ni. In ban yi ba shi kada ni, mutumen ga ba sani ba sabo."

Tsoho ya daina dariya. Ya miƙe da ƙyar, ya shiga cikin gida, ya fito da ɗan akuya ɗan kwana goma. Yana ajiye shi a kan dakali, ja'irin ya daka tsalle ya dire.

"Ga malamin jamp nan, na ba ki. Yara su kwaikwaye shi, ke ki bar ƙafafunki ƙasa."

"The goat jumps," ta faɗa a hankali. Sai kuma ta zabura. "In ya ƙi fa?"

"Sai ki yi abinki. Jiya Sirajo yaz zo nan shina gumi, shina tambayata ko shari'a ta yarda a ba da maki ido rufe."

Dariya ta ƙwace wa Hamdiya har da hawaye.

"Yau ka ci ni, tsoho," ta ce, ta saɓi ɗan akuyarta ta nufi makaranta.