Warin Takalmin Sanyor Badamasi

Duk wanda ya taka Guangzhou bai gaisa da Alhaji Badamasi Maidaji ba, gine-gine kawai ya zo kallo. Shi Alhajin ne ya faɗi haka da bakinsa, kuma mutum irinsa ba ya faɗin abu sau ɗaya. Shekara goma sha huɗu ke nan yana dillanci tsakanin masana'antun Sinawa da 'yan kasuwarmu. Katinsa na kasuwanci gaba da baya cike yake da muƙamai: Shugaba, Babban Darakta, Mashawarci kan Harkokin Nahiyoyi. Kamfanin kuwa daga shi sai tebur sai fanka, a wani ɗaki a hawa na goma sha tara a unguwar Tianhe.

Harsuna bakwai yake ji, in ji shi. Sinancinsa kalma uku ne, nihao da laoban da meiyou, wato sannu da maigida da babu, kuma da su ya loda kwantena ta fi ɗari, don haka ba mai raina su. Faransancinsa ya fara daga mersi ya ƙare a mersi. Sauran ba a taɓa jin su a fili ba, yana ajiye da su saboda manyan baƙi.

Amma inda Allah ya ɗaukaka Alhaji a kan sauran bayi shi ne kyauta. Ba a suna, ba a aure, ba a yaye ɗalibi a garin nan ba tare da an hango shi da jan kwali a hammata ba. Kwalayen kuwa na gani da faɗa ne, masu ruwan zinari da zaren siliki. Duk shekara a bikin cikar wata na Sinawa masana'antu kan aika wa abokan ciniki kek a cikinsu. Alhaji ya bincika ya tabbatar ba man alade, ya cinye kek ɗin shi kaɗai, ya adana kwalin a kanta. Abin sakawa a ciki ma ba ya wahalar da shi. Masana'anta idan za ta ba dillali samfur, warin takalmi take bayarwa, kusan kullum na hagu, an huda tafinsa don kada a sayar. Riga kuma sai an tsaga bayanta da almakashi. Waɗannan Alhaji yake naɗewa a farar takarda, ya rufe, ya ɗaure, ya miƙa da hannu biyu bayan jawabin minti goma.

Ba tsafi ya riƙe wannan sana'a shekara da shekaru ba, kunya ce. Bahaushe ba ya buɗe kyauta a gaban mai ita. Ya ce an gode, Allah ya ƙara arziki, ya tura ta gefe kamar bai damu ba. Basine ma haka yake yi. Sai an koma gida a buɗe a ga abin da aka gani, to wa zai tako ya ce wa dattijo mai furfura a gemu takalminsa ƙafa ɗaya ne? Sai a yi shiru, a bayan idonsa a kira shi Alhaji Kwali. Shi kuwa da gaske yake jin kansa mai hannun kyauta, domin bai taɓa ganin fuskar kowa a lokacin buɗewa ba.

Sai kasuwa ta juya masa baya. 'Yan kasuwar Kano suka koyi magana da Sinawa kai tsaye, waya tana yi musu tafinta. Wata biyar Alhaji bai loda ko dila ɗaya ba. Tsoro ya kama shi ƙwarai, tsoron ranar da zai sauka Kano da jaka ɗaya a tambaye shi ina kamfanin. Ana cikin haka labari ya zaga Shisanhang, layin 'yan tufafi, cewa wata mata daga ƙasar Peru, Madam Rosaura, mai sayen kwantena takwas na tufafi da takalma duk shekara, ta rabu da dillalinta. Tana neman wanda yake jin Sifaniyanci, don Turancinta bai taka kara ya karya ba.

A Juma'ar nan, a ƙofar Masallacin Huaisheng, Alhaji ya tara jama'a ya sanar da su aikin ya zama nasa.

"Sifaniyanci shi ne harshena na takwas," in ji shi. "Ban faɗa muku ba ne don ba na son fariya. Bita kawai zan ɗan yi."

Bitar ce ta kai shi shagon Hajiya Habsatou, 'yar Maraɗi, wadda ta yi shekara tara tana sayar da atamfa a Malabo, inda Sifaniyanci ne harshen kasuwa da ofis. Mace ce marar yawan magana, mai yawan kallo. Ita ma tana da rigarta mai tsagaggen baya, kyautar Alhaji, tun ranar da ta buɗe shago. Da Alhaji ya gama yi mata bayanin cewa ba koyo ya zo ba, tuni ya zo ta yi masa, sai ta ɗauki biro ta ce to a fara da kalmar da ta fi dacewa da shi. Ta rubuta regalar, ta ce ma'anarta ba da kyauta. Ko murmushi ba ta yi ba.

Ta nuna masa yadda kalmar take sauya wutsiya gwargwadon mai bayarwa. Idan ni ne, regalo. Idan kai ne, regalas. Shi ko ita, regala. Mu, regalamos. Ku, regaláis. Su, regalan. Ta ce kalma ce mai ladabi, ba ta bauɗewa, duk wanda ya riƙe ta ya san hanyar ɗaruruwan 'yan uwanta.

Daɗi ya kashe Alhaji. Ya ce harshen da ya fara da kyauta ai dominsa aka ƙirƙire shi. Ya riƙa bita a jirgin ƙasa, a lif, a layin sayen shayi, har Sinawa suna matsa masa wuri. Ya buga sabon kati mai Señor, wato Malam a Sifaniyance, a gaban sunansa, ya umarci kowa ya kira shi Sanyor Badamasi. Ya sayo wata faffaɗar malafa ya ɗora a kan babbar riga, ya ce haka attajiran can suke yi. Mako uku cur ya yi yana fama da kalmomi shida, ranar da ya jero su ba tuntuɓe sai ya sanar da Hajiya cewa ya sauke.

Ta ce saura ƙirga, da launuka, da gaisuwa, da yadda ake tambayar farashi.

"Hajiya, ke kika ce wanda ya riƙe wannan ya riƙe ɗaruruwa. To na riƙe. Ƙirga aikin kalkuleta ne. Ciniki kuma ba da baki manya suke yin sa ba, da kwarjini ne da kyauta. Zan miƙa mata kwali ɗaya, ki ga yadda kwantena takwas za su biyo ni."

Da ta ji zancen kwali sai ta ajiye biro ta ce akwai wani abu game da mutanen can da kyauta da ya kamata ya sani. Alhaji ya ɗaga mata hannu. Ya ce harshe ya zo bita, ba tarbiyya ba, kuma a fannin kyauta ba a haifi mai koya masa ba tukuna. Sannan ya zaro jan kwali daga jaka ya miƙa mata da hannu biyu, ladan karatu. Ta ce an gode da kado, yadda 'yan Maraɗi suke kiran kyauta, Allah ya ƙara arziki, ta tura shi ƙarƙashin tebur.

Da taimakon wayar nan da ta kashe masa kasuwa ya rubuta wa Madam Rosaura gayyatar cin abincin rana. Ya zaɓi gidan abincin wasu Sinawa Musulmi kusa da masallaci, bayan sallar Juma'a, ya gayyato 'yan kasuwa goma sha biyu su zama shaidu, cikinsu har da Souleymane na Yamai mai harkar wayoyi. Hajiya Habsatou ma ya ce ta zo ta ga yadda ɗalibi yake wuce malama.

Madam Rosaura gajeriyar mace ce, da tabarau a rataye a wuya da ɗan littafi a hannu. Ta zauna ta yi doguwar gaisuwa. Alhaji ya miƙe, ya gyara malafa, ya yi gyaran murya. Ya daki ƙirji ya ce regalo. Ya nuna ta ya ce regalas. Ya nuna mai kawo shayi ya ce regala, mai shayin ya tsaya yana jiran oda. Ya buɗe hannayen riga ya haɗa teburin duka ya ce regalamos, ya bi da sauran biyun da murya irin ta mai rufe addu'a. Matar ta tafa tana dariya, a zatonta barkwanci ne na buɗe taro. Alhaji ya kalli shaidunsa ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya rubuta a ransa.

Sai ta buɗe littafi ta yi tambaya. Hajiya ta raɗa masa cewa matar tana son sanin tashar jirgin ruwan da yake lodi da kwana nawa kaya suke yi a hanya. Ya ce ai ya ji, ba sai an fassara masa ba. Ya juya ya fuskanci matar da fara'a ya ce regalamos. Ta sake tambaya a hankali, kalma ɗaiɗai. Ya ce regalan. Dariyar ta fara bushewa a fuskarta, Alhaji kuwa ya ga lokaci ya yi da za a fito da babban makami.

Kwalin da ya fi kowanne kyau a kantarsa ya ɗauko. Ya miƙa da hannu biyu, ya koma ya zauna, yana jiran ta tura shi gefe a ci gaba da cin abinci. Matar ta dafe ƙirji don murna, ta ɗora kwalin a tsakiyar tebur, ta kama zaren ta ja.

Alhaji ya sunkuya wajen Hajiya, Sifaniyanci duk ya gudu, sai Hausa tsantsa.

"Hajiya, don Allah ce mata ba a buɗewa."

"A wurinsu rashin buɗewa ne wulakanci, Alhaji. Abin da na so in gaya maka ke nan."

Farar takarda ta buɗe, sai ga takalmin mata mai tsini, ruwan hoda, ƙafar hagu. Madam Rosaura ta leƙa kwalin tana neman ɗan uwansa. Ta ɗaga takardar, ta girgiza. Sannan ta sa tabarau, ta kifa takalmin, ta zura ɗan yatsa a hujin tafin har ya leƙo ta ciki. Shekara ashirin tana wannan sana'a, ba ta buƙatar tafinta. Shaidu goma sha biyu kowa ya dasa ido a kwanonsa, domin ba wanda ba shi da dangin wannan takalmi a gida. Kafaɗun Souleymane kaɗai suke rawa.

Amma Alhaji ba a banza ya zama Mashawarci kan Harkokin Nahiyoyi ba. Ya miƙe, gumi yana bin gefen malafa.

"Ki faɗa mata wannan hikima ce ta manyan 'yan kasuwa. Tafiya da ƙafa ɗaya ake fara ta. Ta hagu ke nan. Ta dama sai ranar da aka sa hannu a takarda."

Hajiya ta fassara tsakani da Allah, ba ta rage ko harafi ba. Amsar matar gajeriya ce.

"Ta ce ta gode. Ta ce ta ga yadda kake loda kwali, ba sai ta ga yadda kake loda kwantena ba."

Daga nan Madam Rosaura ta juya kujerarta wajen Hajiya Habsatou, ta maimaita tambayar tashar jirgin ruwa, ta samu amsa. Sa'a guda suka yi suna magana, biro yana gudu a littafi. Alhaji ya kasa kunne yana jiran kalmarsa ta wuce ya cafke ya shiga zancen, ba ta wuce ba ko sau ɗaya. Da aka tashi matar ta bar takalmin a tebur, Hajiya ta ɗauka ta sa a jaka.

Kwantena takwas suka tafi shagon 'yar Maraɗi. Bayan mako guda mai babur ɗin kai saƙo ya hau hawa na goma sha tara da jan kwali. Alhaji ya rufe ƙofa kafin ya buɗe, kamar yadda tarbiyya ta tanada. Takalma biyu ne masu tsini, ruwan hoda, na Madam da na ladan karatu, da 'yar takarda: "Alhaji, na haɗa maka su, sun cika biyu." Ya jera su a tebur, dukansu suna kallon gefe ɗaya.

Ya ji ciwo har cikin ransa, ya daɗe zaune fanka tana kaɗa malafar da ke rataye a ƙusa. Amma da ya sake duban kwalin sai ya ga ko kusurwa bai lotse ba, zaren ma lafiya lau. Ga shi matar Souleymane ta haihu, jibi suna. Mai hannun kyauta kuma ba ya zuwa suna hannu rabbana.

Ranar suna da safe, bayan an shafa addu'a an raba dabino, Alhaji ya yi jawabi, wannan karon na minti uku, ya miƙa da hannu biyu. Souleymane ya karɓa da hannu biyu, ya ce an gode, Allah ya ƙara arziki. Sai ya zauna ya ɗora kwalin a cinya. Mazan da ke ɗakin suka gyara zama, na baya suka matso gaba.

"Malam Souleymane," in ji Alhaji da ƙaramar murya, "ai wannan ba al'adarmu ba ce."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji Souleymane, ya kama zaren. "Amma tun ranar nan duk mun shiga ajin Sifaniyanci."