Jinin Wakilin Ango

Liman Sule ya tozarta ni a bainar jama'a, mutumin da muka tashi tare muna wanka a kogin Wudil. A zamaninmu goro da sadaki da shaidu sun isa ɗaurin aure. Yanzu doka ta ce sai da takardar gwajin jini. Da ɗan ƙanena zai yi aure, na ce, "Zauna abinka, ba ni ne wakilinka ba?" Na tafi asibiti aka ɗebi nawa.

Liman ya duba takardar, ya ce a lasifika, "Malam, kai ne angon?" Aka ɗage auren. Har gobe "Ango" ake ce mini a kasuwa.

Na same shi na ce, "Sule, da ka raɗa mini a kunne, rawaninka zai faɗi?"