Dodon Kamuku da Shanun Baffa Jaji

"Ni fa na wuce a haɗa ni da yara! Daga yau na koma wajen manya!"

Abdulkahar ne ya faɗi haka a shagon cajin wayar Philemon, yana kaɗa waya sama har ya kusa doke fanka. In ba ka san shi ba, to ba ka taɓa zama a bakin kasuwar Birnin Gwari ba. Mutum ne siriri, bakinsa ya fi shi nauyi. Akwai wani gem na waya da samari ke bugawa, kowa da jaruminsa, ana yaƙi, ana noma, ana kiwo. A cikin gem ɗin sunansa Dodon Kamuku, kuma don kar wani ya manta, ya sa an rubuta masa sunan da jan fenti a bayan babur.

A faɗarsa, ya ci garuruwa da yaƙi ba adadi. Ni kuwa na sha leƙa wayarsa, kuma duk sanda na leƙa, Dodo na kwance ne a ƙasa, wani yaro daga wata duniya na rawa a kansa. Amma babbar sabar, wato babban garin da kowa ke shiga kyauta, cike take da dubban mutane, ba mai tona asirin wani.

"Ina ne wajen manyan?" in ji Philemon.

"Ƙaramar sabar mana, ta masu biyan kuɗi. Mutane kaɗan, zaɓaɓɓu. Kafin Juma'a ni ne sarkinsu."

"To ka dai sani, yawancin waɗanda ke cikinta 'yan garin nan ne. Har ma da..."

"Madalla! Su ga abin da ido."

Matsalar Abdulkahar ke nan tun yana yaro: ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana.

Ga wani abu kuma. Shekara biyu yana neman auren Sadiya, kuma da gaske yake sonta, in ya ganta har tuntuɓe yake yi. Mahaifinta Baffa Jaji dattijo ne mai shiru, wanda ɓarayi suka kore wa garke kaf a dajin Kutemeshi, ya tattaro iyali ya dawo gari. Da ƙyar ya yarda Abdulkahar ya zo gaisuwa ranar Asabar.

Gogan naka ya biya kuɗi, ya danna ƙaura. Akwai rubutun gargaɗi, amma ina Dodo ina karatu? Ashe wanda ya koma ba ya tafiya da komai. Doki ya tsaya can, sulke ya tsaya can, takobin da yake cika mana kunne da shi ma haka. Sai ga Dodon Kamuku ya diro tsakiyar sabon gari, daga shi sai bante.

"Dodo, wanka za ka?" in ji Philemon.

"Dabarar yaƙi ce! Jarumi ba ya son nauyi."

Ya nufi kasuwar gem ɗin neman wando, aka ce sai ya kawo abin musaya. Ya roƙi ƙungiyar mayaƙa su ɗauke shi, suka ce suna da mai ɗebo ruwa. Ya ƙalubalanci wani manomi, sabis ya ɗauke ana tsakiyar faɗa. Ya fita daga shagon a guje ya haye tulin buhunan masara yana ɗaga waya sama, kafin sabis ya dawo manomin ya gama da shi ya koma gona.

Rana ta uku ya hango garke a gefen wani rafi. Shanu farare tas, kowace da sunanta a rubuce a kanta, mai su wani Mai Sanda, ba ya kusa.

"Ga wando ya samu, har da doki!"

Philemon ya miƙe zumbur. "Kai, kar ka taɓa su! Ka san na waye? Na..."

"Ko na sarkin aljanu ne!"

A babbar sabar sata wasa ce, wanda ka cuta ba za ka sake ganinsa ba. Amma don Allah, a garin nan, wa ke wasa da satar shanu, ko da na zane ne?

Ya kora su yana ihu. Bai yi nisa ba Mai Sanda ya bayyana a kan tudu. Bai zaro makami ba, bai bi shi ba. Kira ɗaya ya yi, garken ya juyo gaba ɗaya, kuma Dodo ne a kan hanya. Suka bi ta kansa ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe ya zura da gudu, wani ɗan maraƙi ya bi shi ya tunkuɗa shi cikin rafi. Nan take sanarwa ta fito wa kowa da kowa cewa Dodon Kamuku ya yi yunƙurin satar shanu, maraƙi ya kashe shi.

"Sabis ne," in ji shi.

Asabar ta zo. Ya sha shadda da turare, ya goya Philemon, ya kafe babur daidai ƙofar gidan Baffa Jaji. Tun a hanya Philemon ya roƙe shi: "Ka san al'ada. Gaban suruki kai a ƙasa, baki a rufe. Ni zan yi magana. Kuma bari in gaya maka, shi Baffa..."

"Ni za ka koya wa ladabi?"

Suka tuɓe takalma, suka durƙusa a zaure. Baffa Jaji ya amsa gaisuwa, ya leƙa waje ya daɗe yana duban bayan babur. Sannan ya ce, "Yaro, wannan suna fa?"

Da ya yi shiru kamar kowane mai neman aure, da Philemon ya lallaɓa. Ina! An taɓo inda yake masa daɗi. Ya ɗago kai, ya gyara hula.

"Ai Baffa sunan yaƙi ne. Shekaranjiya ma na yi wa wani tsohon banza, wai shi Mai Sanda, kaca-kaca. Na kwashe shanunsa tas, yana kuka yana roƙona!"

Philemon ya rufe fuska da tafin hannu.

Baffa ya sa hannu a aljihu a hankali, ya fiddo waya. "Sadiya ce ta sa mini gem ɗin, da ta ga zaman banza zai kashe ni. Kowace saniya a nan na ba ta sunan wadda aka raba ni da ita. Kullum da safe nakan kai su rafi." Ni kaina da aka ba ni labari sai da tausayi ya kama ni. Baffa ya kunna wani bidiyo, ya juyo musu da wayar. Ga Dodo da bante yana gudu, ga maraƙi a bayansa, ga rafi. Ya sake kunnawa daga farko. Daga bayan ƙyaure aka ji dariyar Sadiya, sannan aka ji ta ja sakata.

"Baffa, wallahi sabis ne ya..."

"Tashi ka sa takalminka, ka kuma janye wannan babur daga ƙofata," in ji Baffa Jaji, yana mayar da waya aljihu. "Waɗanda suka kore mini na gaske da bindigogi suka zo, amma ko su ba su dawo neman auren 'yata ba. Kuma duk rashin imaninsu, da wando suka zo."