Yadda Za Ki Hana 'Yarki Kwashe Ki Zuwa Birni, Da Shebur Ɗaya Da Yashi Mai Zafi

Wannan na matan da mai gidansu ya rasu ne, 'ya'yansu kuma suka fara ƙus-ƙus a kicin suna yin shiru in kin shigo. Ban yi nisa a makaranta ba, amma na gwada abin nan a kan 'yata Hyeran, kuma ya ci. Ki bi yadda na jera. Na ba ki tabbaci ba mai ɗaga ki daga gidanki.

1. Ki gane hutun da ba hutu ba ne

Zafi na kamawa za ta bugo daga birnin Seoul: "Mama, za mu zo gida Jeju mu huta a bakin teku, ke ma ki huta." Ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da tun tana rarrafe take ƙyamar yashi, yau ita ke marmarinsa? In sun iso ki leƙa bayan mota. Idan akwai ƙaton akwati wanda mijinta ya ɗaga da yatsa biyu, fanko ne. Naki ne.

2. Ki cika musu baki

Mai tauna ba ya kafa hujja. Ki shimfiɗa tabarma kusa da ruwa, ki jera dafaffiyar masara, kankana, da miyar ɗanyen kifi mai ƙanƙara a ciki. Surukina Taesik mutumin kirki ne, shi ya sa shi aka tura ya fara.

"Mama, dama akwai wata 'yar magana..."

"Ci masara, Taesik. Ka rame."

Bai rame ba. In zai shiga ruwa tumbinsa ne ke fara jiƙa. Amma ya karɓa, ladabi ya hana shi ƙi. Wannan dabara tana aiki har masara ta ƙare, don haka ki dafa da yawa.

3. Kada ki yarda a fara rufe ki

Ni a nan aka kama ni. Rana ta take, baƙin yashinmu ya ɗau zafi, tsofaffin unguwa sun kwanta a jere an rufe su har wuya don ciwon gaɓoɓi, kowace da lema a kanta kamar an shuka su. Gwiwoyina suka ce su ma suna so.

Kowace shekara mijina Deokman, Baban Hyeran, ke tona mini ramina. Bai taɓa aunawa ba, ya san tsawona. Bana Taesik ne ya tona, ya yi gajere, yatsun ƙafata a waje suna kallon sama. Na kwanta a haka.

Suna gama danne ni da yashi, Hyeran ta gyara zama daidai kaina.

"Mama, mun gyara miki ɗaki. Can saman bene, iska ko'ina. Ga asibiti a ƙasa."

Ki lura: wadda aka rufe har wuya ba ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta.

4. In an riga an rufe ki, ki yi minshari

Amma ki fara duba wadda ke ramin kusa da ke. Ni wadda ke kusa da ni Geumrye ce, maƙwabciyata tun muna amare.

"Ƙarya take, Hyeran," in ji ta, idonta a rufe. "Minsharinta na gaske har gidana nake jin sa. Wannan na kyanwa ne."

"Geumrye, in na fito sai na sa miki ƙaguwa a rami."

"Fito ɗin mana, tsohuwa. Ina nan inda kika bar ni."

Duk da haka ita ta cece ni. Da ta ji Hyeran ta kai maganar wa zai kula da gidan, sai ta ɗaga murya: "Ku tone uwarku, ta dahu! Ba ku ga fuskarta kamar jatan lande ba?" Maƙwabciya haka take, ta tona miki asiri da safe, ta tone ki da rana.

5. Ki samo mata ciwo

Ba sai kin wahala ba. Duk wanda ya fito daga birni bayansa na ciwo.

"Hyeran, tun ɗazu nake ganin kina dafa ƙugu. Zo ki kwanta kaɗan."

"Mama, ni ba na son yashi."

"Shi yana son ki. Kwanta."

Surukin kuma ki aike shi sayo ƙanƙara, ki ce ta shagon ƙarshen gari ta fi sanyi. Ramin ke za ki tona da hannunki. An ce ramin mugunta a gina shi gajere. Wannan ba na mugunta ba ne, ki zurfafa. Hannayenta su shiga ciki, wayarta ta shiga aljihunki.

6. Ki riƙe mata lema, ki faɗi naki

Kada ki yi kwana-kwana. Ni ga abin da na ce:

"Ba zan ɓoye miki ba, har yau shinkafar mutum biyu nake aunawa, sai na ɗora nake tunawa. Wata rana in yi kuka, wata rana in cinye duka. Amma a nan in na je sayen kifi, mai kifi zai ce Deokman ba zai taɓa sayen wannan ba. Direban bas ya san kujerarsa. A benenku in na ce Deokman, wa zai amsa?"

Daga ramin gefe Geumrye ta ce, "Deokman mai rowar taba! Bai taɓa ba mijina ko kara ɗaya ba."

"Kin ji ko?" na ce. "Nan har zaginsa ana yi. Ina zan samu wannan a Seoul?"

7. Ki shirya, ita ma tana da nata

Wannan ban san da shi ba sai da ya zo. Hyeran ta kalli cikin lema, ta ce, "Mama, ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi, ni nake ta kiran wayarsa. Tana ta ringin. Yanzu duk sanda na kira ki ba ki ɗauka ba, ba na iya haɗiye ko ruwa."

Ni kuwa wayar a cikin tukunyar da ba na amfani da ita nake ajiye ta, don ƙararta na damuna.

Hawaye suka gangaro mata cikin kunne, ga hannu a ƙarƙashin yashi.

"Mama, hancina."

Na share mata da gefen tawul, na ce fyace, ta fyace. Rabona da yin haka tun tana firamare.

A nan muka daidaita. Zan rataya wayar a wuya, in ɗauka ko ina banɗaki. Geumrye za ta riƙe makullin gidana, ita da dama ba ta taɓa ƙwanƙwasawa ba. In sanyi ya tsananta zan je in kwana biyu a benen, da sharaɗin ni zan faɗi ranar dawowa. Taesik ya iso da ƙanƙarar da ta zama ruwa a leda, ya tarar an gama shari'a ba shi. Muka tone ta, muka shiga wata maɓuɓɓugar ruwan sanyi da ke bakin tekun muna ihu kamar yara, muka cinye sauran kankanar.

Gargaɗi

Ba ruwana in 'yarki ta koma kiranki kafin zakara ya yi cara. Ba ruwana in surukinki ya saɓule saboda rana, ko maƙwabciyarki ta fara buɗe miki tukunya ta ce miyarki ba gishiri. Wadda ta manta 'yarta a rami har ruwa ya taso, ita da hukuma. In kuma kin koma gida da yamma cike da murna, kin juya za ki ba mai gidanki labarin yadda kika yi nasara, kika ga kujerar ba kowa, kada ki zo wurina. Wannan matakin ni ma ban samo shi ba tukuna.