Jakin da Na Ƙwace a Kasuwar Gusau

Ba zan taɓa mantawa da zuwana Gusau na farko ba, shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Daga Bungudu na taso da audugar Baba a bayan jakinmu akaza, wato mai fari-farin gashi, kaina cike da labarin mutanen gari: wai suna zare wa mutum wando yana tsaye bai sani ba.

Shi ya sa duk wanda ya gaishe ni sai in harare shi. Gaisuwar tasu ma abar zargi ce, "sannu" ɗaya, ba a tambayi gida ba an wuce. Wani ya ce in kawo ya taya ni sauke kaya, na ce Allah ya kiyaye. Da na ga ana sayar da ruwan sha kuwa, na ce to, ga shaida.

Na ɗaure jakin a gindin wata tsamiya, na kai audugar wurin awo. Ina dawowa sai na hangi wani dattijo mai farin gemu yana kwance akaza, hankali kwance, har da shafa masa wuya. (Wannan natsuwar ce ta tabbatar mini gwani ne.)

Na kwarma ihu, "Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo!"

Na fizge igiyar, rawaninsa ya faɗi ƙasa. Nan da nan aka kewaye mu, mahauta da sanduna, wani har ya cakumi wuyan rigar tsohon.

"Ɗana, mi ya yi zafi?" in ji shi. "Wanga jaki nawa na."

"Ƙarya kake, Baba!" (Har yau in na tuna kalmar nan sai in ji kamar in nutse.)

Sarkin kasuwa ya ratso taron, ya ce kowa ya dakata. Ya dube ni. "Kai samari, mi ne ne shaidar jakinka?"

Na buga ƙirji na ce, "Kunnen hagu a tsage yake."

Aka kamo kunnen. Lafiyarsa lau. Na ce ko na dama ne. Shi ma lau. Ina shirin cewa a Gusau har kunnen jaki ana ɗinkewa, sai ga wata mai sayar da rama ta kutso tana faɗa, tana janye da wani akaza, ganye na lilo a bakinsa.

"Wane marar tsoron Allah ne ya ɗaure wanga a tsamiyar yamma? Ya tsinke, ya cinye mini rabin kwando!"

Ashe tsamiya biyu ce a kasuwar. Na sunkuyar da kai, na yi niyyar in nuna ban san shi ba. Ja'irin ya taho kai tsaye ya tura hancinsa cikin hammatata, tsagaggen kunnen yana rawa.

Wanda ya cakumi tsohon ya sake shi, ya juyo kaina. Tsohon ne ya tare. Ya ɗauki rawaninsa ya kakkaɓe, ya ba matar haƙuri, ya ce, "Ku bar shi, baƙo na. Daga ina, ɗana?"

Na ce, "Daga Tsafe." (Mutanen Tsafe ku yafe mini, ban so kunyar ta riga ni isa gida ba.)

Tun ranar, in bakina ya soma ƙaiƙayin kiran ɓarawo, sai na fara duba kunnen jaki.